Ɗan Shiririta Ya Ceci Jama'a Bisa Kuskure: Gwarzo Ne Ko Mai Sa'a? Tambayoyi Da Amsoshi

Duk mai kallon fina-finai ya san shi, ko da yake sunansa yana canzawa daga wannan fim zuwa wancan. Shi ne wanda hannunsa ba ya taɓa abu ya bar shi lafiya. Yana tuntuɓe inda babu dutse, yana danna maɓallin da aka ce kada kowa ya taɓa, yana buɗe ƙofar da aka sha wahala kafin a rufe. Sai ga shi a ƙarshen labari wannan ɓarnar tasa ce ta karya lagon abokan gaba, jama'a sun ɗaga shi sama ana ta tafi. Daga nan gardama ke tashi tsakanin masu kallo. Wasu su ce gwarzo ne tunda ta hannunsa mutane suka tsira, wasu su ce ba abin da ya yi, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun, da amsoshin da nake ganin sun fi ƙarfin hujja.

Wane irin mutum ake nufi? A ba da misali.

Wanda aka fi yin musu a kansa shi ne Jar Jar Binks na fim ɗin Star Wars da George Lucas ya fitar a 1999. Mutanensa, ƙabilar Gungan masu zama a ƙarƙashin ruwa, korarsa suka yi daga garinsu saboda yawan ta'adin da yake yi ba da gangan ba. Duk da haka da yaƙi ya zo aka naɗa shi janar. A fagen daga, guntun wani mutum-mutumin yaƙi ya sarƙe masa a ƙafa, yana ta tsalle don ya yakice shi, bindigar da ke hannun abin tana tashi tana kayar da sauran mutum-mutuman maƙiya. Can kuma yana gudun ceton rai ya rataye a bayan wani keken ɗaukar makamai, ƙofar ta buɗe, manyan ƙwallaye masu fashewa suka gangaro suka afka wa rundunar maƙiya.

Ba shi ne farau ba. A fim ɗin Modern Times na 1936, Charlie Chaplin yana kurkuku ya barbaɗa hodar iblis a abincinsa yana zaton gishiri ne, kansa ya juye, ya yi kiciɓis da fursunonin da ke ƙoƙarin tserewa ya ɗirka musu duka, hukuma ta yi masa afuwa. A fim ɗin Bean na 1997, an ɗauki Mista Bean a matsayin likita, alawarsa ta faɗa cikin raunin wani ɗan sanda da aka harba, ya zura hannu nemanta, ya zaro harsashin. Salon ɗaya ne: hannu ya nufi wani abu ƙarami, ya dawo da babba.

A taƙaice, jarumtaka ce ko ba jarumtaka ba ce?

Kuskuren kansa ba jarumtaka ba ne. Kafin a kira aiki jarumtaka, abu uku ake nema: mutum ya san akwai haɗari, yana da damar ja da baya amma bai ja ba, kuma abin da ya tsayar da shi amfanin wani ne ba nasa kaɗai ba. Tuntuɓe ba ya cika ko ɗaya daga cikin ukun.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ma'auni ba, haka masu ba da lambar yabo a zahiri suke aunawa. A 1904, bayan fashewar wata mahaƙar kwal a Harwick kusa da Pittsburgh a Amurka, inda mutum kusan 180 suka mutu har da biyu da suka shiga ceto, attajiri Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 5 ya kafa gidauniyar karrama masu ceton rai. Sharaɗinta shi ne farar hula ya jefa ransa cikin babban haɗari da son ransa, wajen ceton wani ko yunƙurin ceton wani. A lura da kalmar yunƙuri. Ana ba da lambar ko da wanda aka je ceta bai rayu ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda aka ba sun mutu ne a wajen ceton. Ga gidauniyar, zaɓin da mutum ya yi shi ake karramawa, ba yadda lamarin ya ƙare ba.

Amma ai rayuka sun tsira. Wanda aka ceta ina ruwansa da niyya?

Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan magana. Wanda aka zaro wa harsashi zai yi godiya ko alawa ake nema ko harsashi, kuma godiyarsa tana kan hanya. Sai dai godiya daban, yabon hali daban. Muna murna da ruwan saman da ya kashe gobara, amma ba wanda ke ce wa ruwa gwarzo.

Idan muka ce sakamako kaɗai ne ma'auni, za mu faɗa cikin abin da ba mu so. A ƙarshen labarin The Lord of the Rings, wanda ya kai zoben masifa cikin wuta ba Frodo ba ne, jarumin da aka ɗora wa wannan aiki, Gollum ne, wanda ya gartsa wa Frodo cizo ya guntule masa yatsa don ya ƙwace zoben ya mallaka, sannan ya rufta da shi. Duniya ta tsira ta hannunsa, amma ba mai hankalin da zai ce kwaɗayinsa jarumtaka ne. Haka a The Wizard of Oz na 1939: guguwa ta ɗauki gidan su Dorothy ta jefa shi a kan muguwar mayya, mutanen garin suka fito suna waƙe yarinyar, alhali ita tana cikin ɗaki ba ta ma san akwai mayya a ƙasa ba.

Masana falsafa sun daɗe da ganin wannan matsala. A 1976 Bernard Williams da Thomas Nagel suka yi rubuce-rubucen da suka shahara a kan yadda sa'a ke kutsawa cikin hukuncin da muke yi wa mutane. Misalin Nagel shi ne direban da ya yi sakaci bai duba birkinsa ba. Idan yaro ya faɗo titi ya take shi, sai a ce mai kisa ne. Idan ba yaron da ya fito, ba wanda zai ma san ya yi sakaci. Sakacin ɗaya ne, abin da ya bambanta kuwa ba a hannun direban yake ba. Ɗan shiririta na fim wannan direban ne aka juya: sakacinsa ya faɗa kan mugu, shi ya sa muke tafi.

To ashe ɗan shiririta ba zai taɓa zama gwarzo ba ke nan?

Yana zama, kuma a nan ne nake ganin masu gardamar, ɓangarorin biyu duka, suke kallon wurin da bai kamata ba. Kowa ya zuba ido a kan daƙiƙar da aka yi tuntuɓen. Abin tambaya yana bayanta da taki ɗaya: me ya kai shi wurin da ya yi tuntuɓen?

A koma ga Dorothy. Mayya ta biyu ma ta hannunta ta mutu, ita ma ba da niyya ba, amma lamarin ba iri ɗaya ba ne da na farko. Mayyar ta cinna wa abokinta, mutumin ciyawa, wuta. Yarinyar ta ɗauki bokitin ruwa ta watsa don ta kashe wutar, a gaban wadda take tsoro fiye da kowa, ruwan ya fantsama a kan mayyar ta narke. Narkewar katari aka yi. Amma ɗaukar bokitin zaɓi ne, cikin tsoro, domin wani. Ko da ruwan bai taɓa mayyar ba, abin da ta yi ya isa a kira shi jarumtaka. Fim ɗaya, yarinya ɗaya, kisa biyu na kuskure, amma ɗaya ne kawai yake da zuciya a bayansa.

Forrest Gump na fim ɗin 1994 ma haka yake. Arzikinsa na kamun jatan lande sa'a ce zalla: guguwa ta farfasa jiragen kowa ta bar nasa. Ba wanda zai yabe shi a kan wannan. Amma a yaƙin Bietnam, bayan ya riga ya fita daga inda ake ɓarin wuta, da ƙafarsa ya koma neman abokinsa Bubba, duk wanda ya tarar kwance ya saɓo shi ya fitar, ya sake komawa, har aka harbe shi. Ƙarancin wayonsa bai rage komai daga wannan ba, domin ya san harsashi yana kisa.

Shi kuwa Jar Jar, hukuncinsa ya kasu. Abin da ya faru a fagen daga, na ƙafa da na keken makamai, ba nasa ba ne, musamman na biyun da ya faru yana cikin gudu. Da aka zagaye su ma ya ɗaga hannu ya miƙa wuya. Amma akwai abubuwan da masu raina shi ke tsallakewa. Shi ya kai wasu baƙin mayaƙa biyu garin da aka kore shi, yana sane da cewa hukunci na jiransa a can, ko da yake sai da aka matsa masa. Shi ya gaya wa Sarauniya Amidala, mai mulkin mutanen tudu na duniyarsu, cewa mutanensa suna da babbar runduna, shi kuma ya jagorance ta zuwa maɓoyarsu, wanda daga nan ne al'ummu biyu masu gaba da juna suka haɗa kai. Da aka ce shi ne janar suma ya yi don tsoro, amma da aka fita yaƙi yana sahun gaba. A ganina, in akwai abin yabo a wurinsa, to a nan yake, a wuraren da kyamara ba ta tsaya ba saboda ba su da ban dariya. Ƙaramar jarumtaka ce, irin ta mai tsoro da bai gudu ba tun farko, amma ta gaske ce.

Wanda ya afka cikin haɗari ba tare da ya tsaya tunani ba fa? Ba shi ma kamar kuskure ba ne?

A'a. Rashin tsayawa tunani daban, rashin niyya daban. A ranar 26 ga Mayu 2018, wani matashi ɗan ƙasar Mali mai shekara 22, Mamoudou Gassama, ya ga yaro ɗan shekara 4 yana reto a barandar hawa na huɗu a Faris, babban birnin Faransa. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba ya haye ginin da hannu da ƙafa ya fizgo yaron. A lokacin ba shi da takardar zama a ƙasar, wato bayan haɗarin faɗowa, akwai kuma na fitowa fili a gaban hukuma. Bai zauna ya yi lissafi ba, amma ya san tsayin bene, ya san abin da ya je yi, kuma abin da ya je yi shi ya yi.

A 2014 wasu masu bincike biyu, David Rand da Ziv Epstein, suka nazarci bayanan mutum 51 da suka samu lambar Carnegie, suka ga mafi yawansu sun siffanta abin da suka yi da cewa zuciya ce ta ɗebe su nan take, ba dogon nazari ba. Wannan ba ya rage musu daraja. Yana nuna cewa halin taimako ya riga ya zauna a jikinsu kafin ranar ta zo. Bambancinsu da ɗan shiririta a fili yake: su abin da hannunsu ya yi shi zuciyarsu ta nufa, shi kuwa hannunsa ya tafi gabas zuciyarsa tana yamma.

Idan bai ma san akwai haɗari ba, yana tafe hankali kwance cikin wuta?

Wannan shi ne Sufeto Clouseau, ɗan sandan Faransa da Peter Sellers ya fara fitowa a matsayinsa a 1963. A wani fim ɗinsa na 1976 an turo masa maharan ƙasashe daban-daban, yana sunkuyawa ko yana juyawa don wata ƙaramar buƙata tasa, su kuma suna kashe junansu. Mai kallo zai ce ga namiji, ko gezau bai yi ba. Amma ba ƙarfin zuciya ba ne, bai san abin da ake ciki ba ne.

Aristotal, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lissafa mutanen da suke kama da jarumai amma ba su ba ne. A cikinsu ya sa wanda ya jahilci haɗarin da yake ciki, wanda da zarar ya gane gaskiya sai ya ranta a na kare, da kuma wanda yawan nasara ya sa yake ganin ba abin da zai same shi. Jarumtaka a wurinsa tana tsakanin ragwantaka da ganganci, kuma sai mai ganin haɗarin da idonsa ne zai iya tsayawa a wannan tsakiya.

Shi da ya ji tsoro har ya yi ihu, bai zubar da jarumtakarsa ba?

Bai zubar ba. Tsoro shaida ne cewa ya san abin da yake fuskanta. Abin dubawa shi ne inda ƙafarsa ta nufa lokacin da yake ihun.

Idan labarin ya ce ƙaddara ce ta zaɓe shi tun farko, ina nasa a ciki?

Wannan tambaya ta fi sauran zurfi, domin ta wuce fim. A Kung Fu Panda na 2008, Po, jarumin fim ɗin, ya ɗaure kayan tartsatsin wuta a kujera don ya leƙa bikin da aka rufe masa ƙofa, abin ya cilla shi sama, ya faɗo daidai gaban yatsan tsohon malamin da ke nuna wanda zai zama gwarzon da aka daɗe ana jira. Kowa ya ce kuskure ne, tsohon ya ce ba kuskure ba ne. Zakaran da Allah Ya nufa da cara, in ji masu iya magana, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. To amma faɗowar ba ita ta mai da shi gwarzo ba. Malamin da aka ba shi ya yi iya ƙoƙarinsa ya kore shi, sauran ɗalibai suka raina shi, ya sha jifa da duka, bai tafi ba. Da aka buɗe takardar sirrin da ake zaton tana ɗauke da ƙarfin, ba a samu komai a rubuce ba. Aka kwashe mutanen gari, shi ya koma ya tari maƙiyin. Ƙaddara ta ajiye shi a bakin ƙofa, shiga ɗakin kuwa da ƙafarsa ya yi.

Ga wanda ya yi imani da ƙaddara, wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya yanke shawarar juyawa da mutanensa kada su shiga inda cutar take. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa da cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wato rubutuwar abu ba ta ɗauke wa mutum zaɓinsa, ba ta kuma ɗauke masa lada ko laifi. Da ƙaddara tana soke yabo, da ba a yabi kowa ba a duniya, mai shiririta da mai natsuwa duka, tunda ba wanda ke motsi a wajenta. Hadisin da Bukhari ya buɗe littafinsa da shi ya mai da hukuncin ayyuka ga niyya, kuma niyya tana nan a wurinta ko an yi annabcin mutum ko ba a yi ba.

Akwai kuma abin da ya kamata a tuna: a cikin fim, ƙaddara alƙalamin marubuci ce. Idan ya rasa yadda zai fitar da mutuminsa daga rami, abu mafi sauƙi shi ne ya ce dama an rubuta. Marubucin kirki yana amfani da ƙaddara ya jefa mutum cikin gwaji. Rago kuwa da ita yake fitar da shi daga gwajin, kuma mai kallo yana jin bambancin ko bai iya faɗarsa ba.

Idan muka yabe shi a kan alherin kuskure, za mu zarge shi a kan ɓarnar kuskure?

Dole ma'aunin ya zama ɗaya, kuma a nan ne masu cewa sakamako ne komai suke shiga tsaka mai wuya. A fim ɗin Star Wars na 2002, Jar Jar yana wakiltar Amidala a majalisar dattawa lokacin da ba ta nan. Aka yi masa dabara da magana, ya miƙe ya gabatar da ƙudurin ba shugaba Palpatine ikon gaggawa, ikon da ya share wa mutumin hanyar rushe jamhuriya ya zama sarkin kama-karya. Wanda ya ce Jar Jar gwarzo ne saboda ƙwallayen da suka gangaro, to sai ya yarda cewa shi ne kuma ya jawo wa duniyar labarin mulkin zalunci na shekaru. Ba za a karɓi ɗaya a ƙi ɗaya ba.

Abin lura ma, aikin majalisar ya fi na fagen daga zama nasa. Ya san abin da yake faɗa, ya zaɓi ya faɗa, yana ganin taimako yake yi har ma da ƙarfin hali. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ya karɓi kujerar da ta fi ƙarfin fahimtarsa, bai kuma tambayi kansa wa zai amfana ba.

Shari'ar Musulunci ta bambance waɗannan matakai da kyau. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, aya ta 93 kuma ta yi wa mai kisan ganganci narko mai tsanani. Mai kuskure ba a daidaita shi da mai ganganci ba, amma ba a ce ya kaɗe rigarsa ya wuce ba. Dokokin ƙasashe da yawa ma suna da laifin sakaci. Wannan shi ne abin da fina-finan barkwanci suke ɓoyewa: mutumin da ya san hannunsa na ɓarna, ya kuma ci gaba da taɓa abin da aka hana shi, ba marar laifi ba ne don kawai yau ɓarnar ta faɗa kan maƙiyi.

Sa'ar da take maimaituwa kullum, ba za a ce baiwa ce ba?

Wasu masu kallo sun kasa yarda cewa mutum zai yi ta dacewa haka. A 2015 wani ra'ayi ya yaɗu a intanet cewa Jar Jar ba dolo ba ne, ƙwararren mugu ne da ya ɓuya cikin shiririta, ana kwatanta tangal-tangal ɗinsa da salon faɗan ƙasar Sin da mai yinsa ke kwaikwayon mashayi. Fina-finan ba su tabbatar da haka ba. Amma yaɗuwar ra'ayin ta nuna wani abu game da mu: ba ma son a ce babban lamari ya faru ba tare da wani ya nufe shi ba, sai mun nemo masa mai niyya, ko da mugu ne.

A rayuwa ta zahiri akwai sa'ar da ake yaba wa mai ita, amma ba don sa'ar ba. A watan Satumba 1928 Alexander Fleming ya dawo ɗakin bincikensa a asibitin St Mary's da ke Landan, ya tarar fumfuna ta ɓata ɗaya daga cikin faifan da yake renon ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin da ke kewaye da ita kuma sun mutu. Ɓacin faifan tsautsayi ne. Tsayawa a duba maimakon a wanke, wannan aikin shekarun da ya yi yana karatu ne. Kuma sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka sha wahala fiye da shekara goma bayan haka kafin fenisilin ya zama maganin da ake yi wa mutane allura, shi ya sa su uku suka raba kyautar Nobel ta 1945. Ɗan shiririta na fim ba ya ma lura da abin da ya faru a bayansa, balle ya gina wani abu a kai.

Me ya sa masu shirya fim suke son irin wannan mutum, kuma me ya sa wani lokaci yake ɓata wa masu kallo rai?

Suna son sa domin dariya tana fitowa daga tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya nufa da abin da ya faru, kuma ba tazarar da ta kai ta wanda ya je neman alawa ya dawo da ran mutum. Akwai kuma daɗin ganin masu girman kai, masu makamai da tsari, sun faɗi a hannun wanda ba su ɗauka a bakin komai ba. Yawancinmu mun fi kusa da mai tuntuɓe fiye da mai takobi, shi ya sa nasararsa ke sanyaya mana zuciya.

Matsala tana zuwa ne idan aka saka shi a labarin da ake mutuwa da gaske. A fim ɗin da duk duniyarsa wasa ce, ba wanda sa'ar wawa ta zalunta. Amma idan a gefe guda ana nuna mayaƙa suna faɗuwa, wani malami yana rasa ransa a hannun maƙiyi, sannan a ɗaya gefen ana cin nasara da sarƙewar ƙafa, mai kallo yana jin an rage wa jinin da aka zubar daraja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa aka karɓi Clouseau da Bean hannu biyu, aka kuma yi wa Jar Jar ca.

Sai dai fushin ya wuce gona da iri. Ahmed Best, ɗan wasan da ya ba Jar Jar murya da motsi, ya bayyana a 2018 cewa zagin da ya sha bayan fitowar fim ɗin ya kai shi gab da kashe kansa. Mutum ne da aka ba aiki ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ba shi ya rubuta labarin ba. Sukar labari halal ne ga mai kallo, farautar ɗan wasa kuwa zalunci ne.

Idan aka ba shi lambar yabo a kan abin da bai nufa ba, ya kamata ya karɓa?

Wannan ne gwaji na farko da ba ruwan sa'a a cikinsa, domin yanzu ya san gaskiya, kuma bakinsa a hannunsa yake. Hanya uku ke gabansa. Zai iya karɓa ya ƙara gishiri, ya ce dama tsara abin ya yi, kamar yadda Clouseau ya saba nunawa duk lokacin da ya faɗi ya tashi. Wannan ƙarya ce, kuma tana da haɗari, domin gobe za a ba shi aikin da ya fi na yau a kan ƙwarewar da ba shi da ita, wasu kuma su dogara da shi da rayukansu. Zai iya yin shiru ya bar mutane da zatonsu, wanda ya fi na farko sauƙi amma ƙarshensu ɗaya. Ko kuma ya buɗe baki ya ce jama'a, ni gudu nake yi abin ya faru, ga waɗanda suka tsaya.

Na ukun yana da wuya fiye da yadda ake zato, musamman ga wanda ya yi rayuwarsa duka ana korarsa ana masa dariya, yau ne karo na farko da aka kira sunansa da girmamawa. Idan ya faɗi gaskiya yana iya komawa inda ya fito. Ba lallai ne ya mayar da lambar ba, jama'a suna da 'yancin nuna godiyarsu ga wanda suka tsira ta hannunsa, kuma ƙin karɓa ma yana iya zama cin fuska. Abin da ke kansa shi ne kada ya bari a gina muƙami a kan labarin da ya san ba haka yake ba, kuma ya ambaci sunayen waɗanda suka shiga wutar suna sane. Fina-finai kaɗan ne suke nuna wannan wurin, domin yawanci ana rufe labari ne ana tsakiyar biki, kafin kowa ya tambaye shi yadda aka yi.